Ƙaurar Mutanen Ƙasa Daga Gayaunata

Ranar wata Talata da hantsi, bazara ta kai ƙarshe, na ga mutanen ƙasa suna ƙaura daga gayaunata ta bayan gida. Ido biyu nake, ban kuma sha komai ba sai kokon safe.

Na fito ne da sungumi a kafaɗa da 'yar gorar iri a hannu, zan yi binne, wato in shuka kafin ruwa ya sauka. Cikin gorar nan ƙwayar wake arba'in da ɗaya ce, ita ke nan abin da ya rage mana na mai-kwalli. Waken gidanmu ne, fari mai baƙin zobe a ido. Kakata ta zo da shi daga arewa a ƙulle a bakin zane shekarar wata yunwa, ubana ya riƙe shi har ya koma ga Allah, ya faɗo hannuna. Damina uku ina shukawa, sai ya fito ya yi rawaya ya kwanta. Irin ya tsufa. In bai yi bana ba ya ƙare, kuma a hannuna ni Nomau ya ƙare.

Sai na ji hayaniya kamar ta kasuwa mai nisa. Na duba ƙasa. Ga mutane nan a jere, kowa bai fi babban yatsa ba, launinsu na laka, suna fitowa daga wata tsaga da kaya a ka, sun nufi gindin danga. Mata da goyo, tsofaffi da sanduna. A ƙarshen layin mutum huɗu na ɗauke da makara, a kanta wani ɗan curin baƙar ƙasa mai danshi, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Curin yana numfashi.

Na gitta musu sungumi.

Wani tsoho mai gemu kamar gashin masara ya fito gaba, shi ne madugunsu. Ya ce, "Ya kai ɗan Adam, ɗage ƙarfenka. Ba mu ɗauki naka ba, namu muka kwashe."

Na ce, "Gayaunar ubana ce, Baba. Ba mai fita da kaya sai na san mene ne. Me ke kan makarar can?"

"Ran ƙasar nan ne, abin da ka bari daga cikinsa. Za mu kai shi gaban Magajiyar Dausayi. In ta karɓa ta rufe, ko ƙaya ba za ta ƙara tsirowa a nan ba har jikokinka su yi furfura."

"Me na yi muku? Duk unguwar nan akwai gayaunar da ta kai tawa tsabta?"

Gaskiya na faɗa. Shekara goma sha ɗaya na yi ina kula da farfajiyar gidan wani attajiri a birni, inda ganye ɗaya in ya kwana a ƙasa sai an yi maka faɗa. Da na dawo gida na kawo wannan hali. Ina share gayauna ƙal kamar ɗakin amarya, in tara kara da ganye in cinna wuta. Na hana matata Tabawa zuba shara da kashin awaki a ciki. In an gama roron wake kuma ba na yanka, tumɓuke shi nake har saiwa, saboda na ga wasu ƙuraje a jikin saiwar na ce cuta ce, sai wuta.

Madugu ya ce, "Ba ni ne alƙali ba."

"To kai ni wurin alƙalin."

Sa'an nan ya ce, "Ba a tsayawa gaban Magajiya ba shaida. Ɗauki ƙwaya ɗaya daga gorarka, ka ajiye a ƙasa, ka lashi turɓayar da ke ƙarƙashin ƙafarka. Kai za ka ɗauki shaidarka da kanka. In ta huje ko ta dahu a hanya, ba ka da bakin magana."

Na rataye gorar a danga, na ajiye ƙwaya ɗaya, na dangwali ƙasa na sa a harshe. Ɗaci gare ta kamar tsohuwar toka. Kafin in tofar, danga ta zama ganuwa, sungumina ya zama kamar gungumen kuka, waken nan kuwa ya koma kamar buhun gero. Na naɗe hulata na yi gammo, na kinkime shi na bi su. Ba su ƙetare danga ba, wata tsaga suka shiga a gindinta, muka gangara.

Abin da na fara gani gari ne babba, ba kowa a ciki. Lunguna sun rufta, rijiyoyi sun ƙafe. A rufin garin akwai ramuka manya-manya, bakinsu a yage, haske na zubowa ta ciki.

Na ce, "Wa ya yi muku wannan yaƙi?"

Madugu bai waiwayo ba. Ya ce, "Nan saiwar wake take saukowa. Kowane rami hannunka ne."

Daga nan muka faɗa wani fili na toka, iyakar ganinka. Sama baƙa ƙirin, ta ƙone ta yi tauri kamar gindin tukunya. Ga tsutsar ƙasa, tana, ta mutu birjik, ta bushe kamar igiyoyin guga. Ƙafa tana nutsewa har gwiwa, ga ƙishirwa, ga kaya. Wata mata ta faɗi da goyonta, aka ɗaga ta, ba wanda ya ce mini komai. Da sun zage ni da ya fi mini sauƙi.

Muna tsakiyar filin sai ga waɗansu halittu sun ɓullo ta kowane gefe, baƙaƙe masu sulke, bakin kowannensu kamar basilla. Ƙwarin wake ne. Ayarin ya matsa gefe ya bar ni ni kaɗai. Babbansu ya rusuna mini kamar mutumin kirki.

Ya ce, "Sannu da ɗawainiya, ya kai mai ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsa. Hanya da saura, wuyanka kuma ya gaji. Ka ba mu izini mu shiga ta ƙasa mu rage maka nauyi. Ƙofar da za mu yi ba ta kai ƙwayar ido ba. Daga waje ba mai ganewa, ko Magajiya."

Na ce, "Na san ku. Ku kuka cinye mini buhu biyu shekarar da na yi aure."

"Wannan kakanninmu ne, Allah ya ji ƙansu."

"To ku bi su."

Suka taso. Na san abu ɗaya tun ina yaro: wake a cikin toka ake ajiye shi, ƙwaro ba ya iya ratsa ta. Na jefar da kayan, na mirgina shi, na tura masa toka har ya ɓace, na hau kai na zauna ina watsa musu da hannu biyu. Ta shiga musu gaɓoɓi, suka riƙa tari suna karkarwa. Ɗaya ya sami ƙaurina ya soka kafin ya ja da baya. Da suka watse na tono waken na duba shi ko'ina. Lafiya lau.

Madugu ya ce, "Tokar nan ta yi maka rana sau ɗaya. Kada ka ɗauka ta wanke ka."

Muka ci gaba ina ɗingishi har muka iso wata ƙofa ta jan yumɓu. Masu tsaronta gara ne, makafi, masu manyan kawuna jajaye. Ayari ya wuce, ni suka tare ni.

Sarkin ƙofa ya ce, "Ba a shiga Dausayi hannu rabbana. Me ka kawo wanda zai ruɓe?"

Na miƙa takalmina. Ya shinshina ya ture. "Roba ce." Na miƙa gefen rigata. Ya ɗanɗana ya tofar. "Wannan ko shekara ɗari ba ta komawa ƙasa. Ya kai baƙo, duk jikinka ba abin da ƙasa za ta ci sai kai kanka? In haka ne muna karɓa."

Sai na tuna da gammona. Hular saƙi ce ta auduga, ta ubana, ita kaɗai na gada daga tufafinsa. Na sauke waken na warware ta na ba su. A gabana suka cinye ta, zare bai ragu ba. Aka buɗe ƙofa, na ɗora kayana a kan tsurar kai.

Ɗumi ya fara dukan fuskata, da wani ƙamshi kamar na ruwan farko. Gari ne hawa-hawa, kowane hawa da irin gininsa: wannan na busasshen kara da ƙaiƙayi, na samansa na ɗanyen ganye da ɓawon kabewa, na sama da shi na kashin awaki, kowane ɗaya kamar dutse, sa'an nan a sake daga farko. Ruwa na ɗiga daga sama a hankali. Gwazarma, manyan mata farare masu ƙiba, suna ta juya kaya suna tuƙawa kamar masu tuwon biki. Duk abin da ya shiga hannunsu da kamanninsa, sai ya fita baƙi, mai laushi, ba ka ce ga abin da yake a da ba.

A wani lungu na ga ɓarin ludayi mai tabon wuta a baki. Na san shi. Da shi nake shan fura bara.

Na ce, "Baba, ina ne nan?"

Ya ce, "Ƙarƙashin jujin matarka, bayan turken awaki, inda ta kare da tsohon zana don kada ka gani. Kullum tana zuba masa ruwan wanke-wanke, duk wata tana juya shi. Ba don shi ba da tuni mun ƙare."

Muka wuce.

Hanyar fada ta tsakiyar garin ta bi, inda zafin ya taru. Wani siririn lungu ne, tururi na fita daga bangon hagu kamar bakin madambaci. Mutanen ƙasa sun saba, suka shige abinsu. Ni na san in tururin nan ya bugi waken sau uku ya zama na ci. Na yagi wani jiƙaƙƙen ganye na naɗe shi, na rungume shi a ƙirji, na juya wa bangon baya, na riƙa tafiya a karkace kamar ƙaguwa. Rigar robar nan ta narke ta manne mini. Na ji fatar bayana tana tashi. Na ƙirga taku sittin, daga nan na daina ƙirgawa, na kama salati har na faɗo wani wuri mai sanyi.

Nan ce fadar. Magajiyar Dausayi tana zaune a kan kututturen wata tsohuwar saiwa. Baƙa ce kamar ƙasar fadama, gashinta fararen zaruruwa sirara da suka bazu suka shige bango ta ko'ina. An ajiye makarar a gabanta. Numfashin curin nan ya yi ƙasa sosai.

Ta ce, "Kai ne mai tsintsiya?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, ni ne Nomau ɗan Jatau, mai gayauna."

"Mai gayauna. Kakanka ma haka ya ce, ubanka ma haka. Duk suna wajenmu yanzu, ba wanda ya ƙara faɗa." Ta gyara zama. "Shekara bakwai kana ci ba ka mayarwa. Ganye ya faɗo mana ka share. Kara ya kwanta mana ka ƙone. Mun yi haƙuri da tsintsiya, mun yi haƙuri da wuta. Rumbunanmu fa, me suka yi maka?"

"Ban taɓa ganin rumbunku ba, balle in taɓa."

"Ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar wake."

"Wannan cuta ce, ranki ya daɗe. Da idona na gani, ƙuraje ne kamar na ƙyanda. In na bar su a ƙasa sai su kama na baɗi."

Magajiya ta ce, "Kwance shaidarka."

Na warware ganyen. Baƙin zoben nan na idon waken ya buɗe, ya dube ni, ya dubi Magajiya. Muryarsa ƙarama ce, a shaƙe, kamar ta wanda ya daɗe bai yi magana ba.

Ya ce, "Gaisuwa ga uwar masu saiwa. Mu wake baƙi ne masu kunya. Ba ma kwana a ƙasa mu tashi ba mu bar wa masu gida abin taɓawa ba. Abin da muka samo daga iska muna ƙulle shi a saiwarmu, mu ci kaɗan, mu bar saura. Da shi ƙasa ke ciyar da gero, da shi take karɓar 'ya'yanmu in sun dawo. Shekara bakwai muna ƙullewa, mutumin nan yana kai wa wuta."

Magajiya ta yi nuni, aka kawo wani ƙulli guda, na ƙarshe da suka tsira da shi. Aka fasa a gabana. Na zaci ruɓa zan gani ko tsutsa. Cikinsa ja ne jawur, mai kyau, kamar hantar rago. Mutanen da suka sha hanya da yunwa suka bi shi da ido, ba wanda ya miƙa hannu.

Na durƙusa. Na ce, "Ban sani ba."

"Ka tambaya?"

"Ban tambaya ba."

Ta juya ga waken. "Me ka ce a kansa?"

Ya ce, "Ya yi ɓarna, ba na ɓoyewa. Amma ya ɗauko ni a kansa, ya hana a huda ni, ya ba wuta bayansa. Kuma ba don mugunta ya tumɓuke mu ba, tsoro ya ji kada 'ya'yanmu su kamu. Wawa ne, uwar masu saiwa, ba azzalumi ba ne."

Tunda nake ban taɓa jin daɗin a kira ni wawa ba sai ranar.

Magajiya ta ɗora hannu a kan curin. Sa'an nan ta ce, "Saurara, ɗan Jatau, ba na maimaitawa. Rai ba ya zama a ƙasa tsirara. Hadarin farko yana hanya, zai sauka kafin la'asar. Duk inda ka rufe da taki, kaurin yatsa huɗu, kafin ɗigon farko, nan za a mayar da ran, mutanena su koma. Inda ruwa ya tarar a tsirara mun bar shi. Sai dai ka ƙwato shi da kwando, kowace shekara gwargwadon abin da jujin gidanka ya nuna. Saiwa kuma tamu ce. Ka yanka daga sama, ka bar mana namu."

Na ce, "Ranki ya daɗe, gayauna guda a rabin yini? Ba zai yiwu ba."

"Ban ce duka ba. Je ka, lokaci na cin ka. Shaidarka ta zauna nan."

Na dubi waken. Ya riga ya rufe ido. Madugu ya lakato baƙar ƙasa daga bango ya sa mini a harshe. Wannan gardi gare ta.

Sai ga ni a durƙushe a gindin juji, bayan turken awaki, na ture zanan da kafaɗa. Kai ba hula, ƙafa na jini. Tabawa na tsaye da kwanon ruwan wanke-wanke a hannu, ta kasa zubawa ta kasa ajiyewa. Gabas ta yi baƙi.

Ta ce, "Malam, me kake nema a juji?"

"Kawo kwanduna, Tabawa. Gayauna za mu kai shi."

"Wace gayaunar? Wadda ka ce ran da ka ƙara ganin kashin akuya a cikinta in tattara in tafi gidanmu?"

"Na faɗa. Na janye."

"A'a, bari dai in ɗauko maka tsintsiya, kada ƙazanta ta taɓa maka ɗakin amarya."

"Ki yi mini gorin gobe, zan zauna in ji har ƙarshe. Yau dubi gabas."

Ta dubi gabas, ta zagayo ta dubi bayana. Ta ga ƙunar. Ta ajiye kwanon ta shiga gida da sauri, ta fito da kwando biyu da fartanya. Na kai hannu zan ɗebi na sama, ta buge mini hannu.

"Ba wannan ba. Bai nuna ba, zai ƙone iri. Tona ƙasa, baƙin nan mai sanyi."

Muka kama. Ita tana cikawa ina kaiwa, in kwando ya taɓa bayana sai in ga wuta. Na zaɓi kusurwar da ke kusa da danga na fara zubawa ina aunawa da yatsu. Iska ta taso, awaki suka kama kuka. Da na ga yadda hadarin ke gudu sai zuciyata ta ce in baza shi sama-sama ya rufe wuri mai yawa, wa zai auna? Har na ja fartanya. Sai na mayar, na tara shi yatsa huɗu yadda aka ce. Tabawa ta bar cikawa ta ɗauki nata kwandon a ka, muka riƙa yi tare. Mun kai kwando goma sha tara nunannen takin ya ƙare. Ina baza na ƙarshe ɗigon farko ya faɗo mini a wuya.

Abin da muka rufe bai fi shimfiɗar tabarma uku ba.

Na ciro gorar daga danga. Ina sara da sungumi tana jefa ƙwaya tana takewa, ruwa na dukanmu, har arba'in ɗin suka shiga ƙasa. Muka tsaya muna kallon sauran gayaunar. Ruwa na gudu a kanta ja, ba ya shiga, kamar an zuba a kan faranti.

Kwana biyar ba abin da ya fito. Rana ta shida da safe Tabawa ta kira ni daga bayan gida, murya ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron tada jariri. Goma sha bakwai suka tsiro. Sauran sun tsufa, ba su tashi ba. Amma goma sha bakwan nan ba su yi rawaya ba. Suka yi yaɗo suka rufe tabarma ukun, suka yi fure, suka yi 'ya'ya. Da kaka muka rore, na bi kowane gindi da lauje na yanke daidai ƙasa, harawar na kai wa awaki. Da muka sussuke muka sheƙe, mudu ɗaya ne da tafi biyu. Ko ƙwaya ba mu dafa ba. Tabawa ta tankaɗe toka ta gauraya, ta liƙe bakin tulun da laka.

Mai-kwalli bai ƙare a hannuna ba.

Sauran gayaunar tana nan fako, ko tsuntsu ba ya sauka. Juji ɗaya tabarma uku yake rufewa a shekara, in an ci sa'a huɗu. Na auna abin da ya rage da ƙafa, ya fi tabarma ɗari, ni kuwa shekarata hamsin da uku. Na faɗa wa Tabawa lissafin.

Ta ce, "To tsayuwar me kake yi? Turken awaki na can ba a kwashe ba."

Na ɗauki kwando.